U-69: Jirgin Nutso na Jamus da ya Dasa Nakiya a Bakin Tashar Legas

A shekarar 1929 ne layin dogo da ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙauran Namoda ya tsaya. Tun daga lokacin garin ya zama matattarar amfanin gona na arewacin ƙasar Zamfara. Gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga daga ƙasar Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan da ke kewaye, a wancan zamani a kan raƙuma da jakuna ake kawo su, a auna, a loda a taragu, jirgi ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 ya sauke su a Apapa, bakin ruwan Legas. Manomin da ya sayar da gyaɗarsa ya karɓi kuɗinsa, iyakar saninsa da ita ke nan. Amma buhun nan yana da sauran tafiya mai nisa a gabansa, domin sai ya ratsa Tekun Atilantika kafin ya isa Ingila, inda ake tatse man a yi sabulu da man shafa wa burodi.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, wanda dattawanmu ke kira yaƙin Hitila, wannan hanya ta teku ta zama fagen fama. Ingila tsibiri ce, ba ta noma abin da zai ishe ta, saboda haka ranta yana rataye ne da jiragen ruwa masu kawo mata abinci da mai da ƙarafa. Jamusawa sun san haka, suka ƙudurta su yanke mata wannan igiya. Makamin da suka fi dogara da shi kuwa shi ne jirgin nutso, wato jirgin yaƙin da kan nutse ƙarƙashin ruwa ya ɓace wa gani, ya kuma taso idan ya ga dama. A harshensu sunansa ya fara ne da harafin U, shi ya sa kowane ɗaya ake kiransa da wannan harafi da lambarsa. A nan za mu duba ɗaya daga cikinsu, U-69, wanda ya zo har bakin tashar Legas a 1941.

Asalin ƙirarsa

Yarjejeniyar da aka tilasta wa Jamus sa wa hannu a 1919, bayan ta sha kashi a yaƙin farko, ta hana ta mallakar jirgin nutso ko ɗaya. Sai injiniyoyinta suka buɗe ofis a ƙasar Holan da sunan kamfani mai zaman kansa, suka ci gaba da zane da gwaje-gwaje a asirce. Da Hitila ya yi fatali da yarjejeniyar a 1935, ba a daɗe ba aka fara ƙera wani samfuri da suka laƙaba wa suna Samfuri na Bakwai. Babban kwamandan jiragen nutso, Karl Dönitz, yana ganin sai da jirage 300 zai iya durƙusar da Ingila, amma 57 kacal yake da su ranar da aka fara yaƙi.

U-69 shi ne na farko a wani reshe na wannan samfuri da ake kira VIIC. An ƙera shi a birnin Kiel, an tura shi ruwa a watan Satumba na 1940, ya shiga aiki ranar 2 ga Nuwamba a ƙarƙashin wani hafsa mai suna Jost Metzler. Kafin yaƙi ya ƙare an ƙera irinsa 568. Tsawonsa mita 67 ne, faɗinsa mita 6 da ɗan ɗoriya, yana ɗaukar mutum 44 zuwa 52.

Yadda yake nutsewa da yadda yake tasowa

Mai karatu ya sha ganin cewa allura tana nutsewa a ruwa, amma ƙaton kwanon ƙarfe yana yawo a samansa. Dalilin haka wani masani na ƙasar Girka, Arkimidis, ya bayyana shi fiye da shekara 2,000 da suka wuce: duk abin da aka sa a ruwa, ruwan yana tura shi sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture daga wurinsa. Idan abin ya fi ruwan da ya ture nauyi, sai ya nutse. Idan bai kai ba, sai ya taso. Goran da masunta ke kwanciya a kai su ƙetare gulbi yana ɗaukar ƙato guda ne saboda cikinsa iska ce. A huda shi ruwa ya shiga, da gora da mai gora sai ƙasa.

To, jirgin nutso gora ne wanda ake iya cika shi da ruwa a kuma fitar da ruwan a duk lokacin da ake so. A jikinsa akwai tankuna waɗanda ƙasansu a buɗe yake ga teku, samansu kuma da murfi. Muddin murfin yana rufe, iskar da ke ciki tana hana ruwa shiga, kamar yadda ruwa ba ya cika kofin da aka kifa a cikin bokiti. Idan aka ba da umarnin nutsewa sai a buɗe murafun, iska ta fice, ruwa ya maye gurbinta. Nauyin ruwan da U-69 ke turewa a sama tan 769 ne, a ƙarƙashi kuma 871, wato tazarar da ke tsakanin yawo a sama da ɓacewa ba ta wuce tan 100 da 'yan kai ba. Ƙwararrun ma'aikata kan nutsar da shi cikin kimanin daƙiƙa 30. In za a taso, sai a saki iskar da aka matse a cikin tukwanen ƙarfe ta kore ruwan daga tankunan.

Abin da ya fi wuya shi ne tsayawa a tsakiya, ba sama ba ƙasa. Malamai za su iya nuna wa ɗalibai wannan da 'yar kwalbar magani mai murfi da bokitin ruwa: a riƙa ɗiga ruwa a cikin kwalbar ana rufewa ana gwadawa, har a sami inda ba ta taso ba, ba ta kuma kwanta a gindin bokiti ba. Za a tarar ɗigo ɗaya ma yana ɓata lissafi. Haka babban injiniyan jirgin ke fama kullum. Abincin da aka ci, da man da aka ƙona, da makamin da aka harba, duk suna sauya nauyi, sai ya biya da ruwa daidai gwargwado. Ko gishirin teku ba ɗaya ba ne a ko'ina. Kusa da bakin manyan koguna ruwan ya fi sauƙi, jirgi na iya zarcewa ƙasa ba shiri. Saboda haka ba a dogara da tankuna kaɗai. Akwai wasu fikafikan ƙarfe gaba da baya waɗanda ake karkatawa, jirgin yana tafiya suna danna shi ƙasa ko su ɗaga shi.

Sai kuma matsin ruwa. Duk mita 10 da aka ƙara na zurfi, matsi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. A zurfin mita 100, kowane murabba'in mita ɗaya na jikin jirgin yana ɗauke da kusan tan 100, kamar a jibga buhun gero 1,000 masu kilo ɗari-ɗari a kan ɗan ƙaramin tebur. Amma kaurin ƙarfen da ke tare wannan nauyi bai cika santimita 2 ba. Sirrin yana cikin siffa: ainihin gangar jikin, inda mutane suke, zagayayye ne kamar bututu, an ɗaure shi da haƙarƙarin ƙarfe, ta yadda matsin ke rarrabuwa daidai ta kowane gefe. Wanda ya taɓa gwada fasa ƙwai ta hanyar matsa tsininsa biyu a tsakanin tafin hannu ya san ƙarfin wannan siffa. Jirage irin U-69 sun sha zuwa zurfin mita 200 su dawo lafiya.

Injin iri biyu, da raunin da ke ɓoye

A nan ne abin da mutane da yawa ba su fahimta ba yake. Jirgin nutso na wancan zamani ba mazaunin ƙarƙashin ruwa ba ne kamar kifi. Ya fi kama da kada, wanda kan nutse ya ɓuya amma tilas ya taso ya shaƙi iska. Yana da manyan injunan dizal biyu, su kuwa ba sa aiki sai da iska mai yawa, don haka a sama kawai ake tayar da su. Da su yakan yi gudun kusan kilomita 33 a awa, kuma idan ya yi tafiyar tsimi ta kilomita 18 a awa, mansa zai kai shi kimanin kilomita 15,700. Da zarar ya nutse sai a kashe su a koma kan injunan lantarki masu jan wuta daga batura 124 da ke jere a ƙarƙashin daɓen jirgin. Iyakar gudunsa a nan kilomita 14 ne a awa, wanda ɗan makaranta a kan keke zai wuce shi, kuma a wannan gudu batir kan ƙare cikin awa ɗaya ko makamancin haka. In ya lallaɓa da kilomita 7 a awa, zai yi kamar kilomita 150, sa'an nan dole ya taso dizal ya sake cika baturan.

Mai karatu ya gwada lambobin nan biyu, 15,700 da 150. Su ne suka tsara dukkan rayuwar jirgin. Yawancin tafiyarsa a sama yake yin ta, yawancin hare-harensa ma da dare yake kai su daga sama, yana laɓe da duhu da ƙanƙantar jikinsa. Nutsewa ta gudun tsira ce, ko ta kai hari da rana, lokacin da kwamanda ke leƙen abin da ke sama ta wani dogon bututu mai madubai.

Makamansa kuwa, akwai bututun harbi huɗu a gaba da ɗaya a baya, da tofido 14. Tofido wani dogon bam ne mai tuƙa kansa a cikin ruwa, tsawonsa mita 7, nauyinsa kusan tan ɗaya da rabi. Akwai kuma igwa a bisa jirgin mai bakin santimita 8.8.

Zaman ciki ba abin sha'awa ba ne. Gado ɗaya na mutum biyu ne, wannan ya tashi wancan ya kwanta. Ban-ɗaki biyu ne, amma ɗaya cike yake da kayan abinci a farkon tafiya. Ba wanka, ba sauya tufafi, ga warin man dizal da gumi da burodin da ya yi fumfuna. An zana jirgin ne don sanyin tekun arewa, saboda haka da ya shigo ruwan ƙasashenmu masu zafi sai cikinsa ya koma kamar tanderu.

Tafiya zuwa Afirka ta Yamma

Bayan Faransa ta faɗi a 1940, Jamusawa suka mayar da tashoshinta na bakin Atilantika sansanoninsu. Daga ɗaya cikinsu, Loriyan, U-69 ya tashi ranar 5 ga Mayu, 1941, ya nufi kudu. Irin wannan doguwar tafiya aikin manyan jirage ne na Samfuri na Tara, masu ɗaukar mai da yawa. Tura ƙaramin jirgi kamar U-69 ya dogara ne a kan cewa zai sha mai a tsakiyar teku daga wata tankar Jamus mai suna Egerland. Ya same ta kuwa, ya sha.

Me ya kawo su wannan gaɓa? Na farko, jiragen kaya na Afirka ta Yamma da na Kudu da na Asiya a Firitawun ta Saliyo suke taruwa su yi ayari zuwa Ingila, kuma kafin su isa can yawancinsu su kaɗai suke tafiya ba rakiya. Na biyu, tun watan Satumba na 1940 Ingilishi suke kawo jiragen saman yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi su bi ta Legas da Kano da Maiduguri, su ƙetara Chadi da Sudan har Masar, inda ake gwabza yaƙi a hamada. Filin jirgin saman Kano ya sami bunƙasa ƙwarai ta dalilin wannan hanya. Toshe Takoradi da Legas, ko na 'yan kwanaki ne, riba ce ga Jamus.

Tun bai iso ba ya jawo rikicin da ya fi ƙarfinsa. Ranar 21 ga Mayu, can yamma da Firitawun, ya tare wani jirgin kaya na Amurka mai suna Robin Moor, alhali Amurka ba ta shiga yaƙi ba tukuna. Metzler ya ba mutanen jirgin ɗan lokaci su sauka cikin ƙananan kwale-kwale huɗu, sa'an nan ya nutsar da shi. Sun yi kusan mako biyu, wasunsu fiye da haka, suna gantali a teku kafin a tsince su, ba wanda ya mutu. Shugaba Roosevelt ya kai maganar gaban majalisar dokokin ƙasarsa a watan Yuni, kuma lamarin ya ƙara tsamin dangantaka tsakanin ƙasashen biyu.

A ƙarshen watan Mayu U-69 ya lallaɓa cikin dare ya dasa nakiyoyi a bakin tashar Takoradi da ta Legas. Wannan aiki ne mai hatsarin gaske, domin ruwan wurin ba shi da zurfin da jirgi zai ɓuya in an gan shi. Nakiyoyin ta bututun tofido ake tura su, su kwanta a ƙasan ruwa, kowace da abin fashewa na kusan rabin tan. Ba sai jirgi ya taɓa su ba. Kowane jirgin ƙarfe yana da ɗan maganaɗisu a jikinsa, wanda ya samu daga maganaɗisun duniya tun ana ƙera shi ana bugun ƙarfensa. A cikin nakiyar akwai na'ura mai jin wannan ƙarfi, kamar yadda allurar kamfas ke karkata idan aka matso da ƙusa kusa da ita. Jirgi na gittawa ta sama sai na'urar ta motsa, ta haɗa waya, nakiya ta tashi. Tun da ruwa ba ya matsuwa kamar iska, ƙarfin fashewar yakan bugi cikin jirgin gaba ɗaya, har ya karya shi. Ingilishi sun gano sirrin irin wannan nakiya tun Nuwamba na 1939, suka riƙa naɗa wa jiragensu wayar lantarki mai kashe maganaɗisun, amma aikin sai da ya ɗauki lokaci kafin ya game ko'ina.

Ranar 31 ga Mayu U-69 ya harbi jirgin Sangara na kamfanin Elder Dempster yana tsaye a gaban birnin Akara. Ranar 4 ga Yuni kuma, ɗaya daga cikin nakiyoyin Legas ta tashi da wani jirgin yashe mai suna Robert Hughes, ta nutsar da shi a bakin tashar. Wani zai ce ai ba jirgin yaƙi ba ne, ba kuma na kaya ba. Amma mashigar Legas igiyar teku ba ta daina tara mata rairayi, in ba a yashe ta kullum manyan jirage ba za su shiga Apapa ba. Daɗin daɗawa, nakiya ɗaya in ta tashi, ba wanda zai amince da hanyar sai an share ta kaf, tun da ba a san ko nawa suka rage ba.

Komawa gida da ƙyar

Washegarin nutsewar jirgin yashen, wato 5 ga Yuni, jiragen yaƙin Ingila suka ritsa tankar Egerland a tsakiyar teku, ta nutse. Ba dace suka yi ba. A watan Mayu sun kama takardun sirri da na'urar rufa saƙo mai suna Enigma daga wani jirgin nutso, U-110, kuma masana lissafi da aka tara a wani gida da ake kira Bletchley Park sun soma karanta saƙonnin rundunar ruwan Jamus. Cikin 'yan makonni aka share yawancin tankokin da Jamus ta baza a Atilantika. Sai ga U-69 a nesa da gida, mai ya kusa ƙarewa, kuma rijiyar da ya dogara da ita ta ƙafe. A ƙarshen watan Yuni ya saci jiki cikin dare ya shiga tashar Las Palmas ta tsibiran Kanari, mallakar Sifen wadda a hukumance ba ta cikin yaƙi, ya sha mai daga wani jirgin Jamus da ke fake a can.

Duk da haka bai koma hannu sake ba. Ranar 27 ga Yuni ya nutsar da jirage biyu daga wani ayari da ya taso daga Firitawun. A farkon watan Yuli kuma ya gamu da Robert L. Holt, jirgin kamfanin John Holt, wanda kantunansa da ma'aunansa na gyaɗa sanannu ne a garuruwan Arewa a wancan lokaci. Da igwa ya yi ta dukansa har ya nutse, ba wanda ya tsira. Ranar 8 ga Yuli U-69 ya isa Faransa, bayan fiye da wata biyu a teku. A ganina, wannan tafiya ta fi nuna iyakar jirgin fiye da ƙarfinsa: ɓarnar da ya yi ta gaske ce, amma da zarar an taɓa masa mai sai ya koma mai neman hanyar gida.

Ƙarshensa

Daga baya jirgin ya koma arewacin Atilantika a hannun wasu kwamandoji. Mafi munin abin da ya aikata shi ne nutsar da Caribou, jirgin fito mai ɗaukar fasinja a gaɓar Kanada, ranar 14 ga Oktoba, 1942, inda mutum 137 suka halaka, har da mata da ƙananan yara.

Amma a lokacin farauta ta fara juyawa kan mafarauci, kuma duk dabarun da aka ɓullo da su raunin nan guda suka nufa, wato tilascin tasowa sama. Na'urar rada tana gano jirgi a duhu da hazo. Jiragen sama masu dogon zango suna tilasta masa nutsewa, in ya nutse kuwa ba zai iya cim ma ayari ba. Wata na'ura tana gane ɓangaren da saƙon rediyonsa ya fito. A ƙarƙashin ruwa kuma akwai Asdik, mai aika ƙara ta saurari amsa-kuwwa, kamar yadda jemage ke gane hanya, sa'an nan a bi shi da bama-baman da aka saita su fashe a zurfin da ake so. Ranar 17 ga Fabrairu, 1943, gabas da tsibirin Niyufanlan, jirgin rakiya na Ingila mai suna Fame ya halaka U-69 yayin da yake bin wani ayari. Dukkan mutum 46 da ke cikinsa sun mutu, har da kwamandansa na lokacin, Ulrich Gräf.

Wata uku bayan haka, a watan Mayu kaɗai, Jamus ta yi hasarar jiragen nutso kusan 40, Dönitz ya janye sauran daga arewacin Atilantika. Daga cikin kimanin mutum 40,000 da suka fita yaƙi a waɗannan jirage, wajen uku cikin huɗu ba su dawo ba. A cikin ɗaruruwan jiragen Samfuri na Bakwai, ɗaya tak ya rage a yau, U-995, wanda aka girke a bakin teku a garin Laboe kusa da Kiel, inda masu ziyara ke shiga ta wannan ƙarshe su fita ta wancan.